Varnish a gaban shagon atamfa: ba saurinta ne ya riƙe ni ba

Duk wanda ya ba ka labarin Varnish, manhajar da ake sawa a gaban sabar shafin intanet don ta ajiye kwafin shafuka ta riƙa miƙa wa masu ziyara, da maganar sauri zai fara. Tana da sauri, babu musu. Shafin da PHP da rumbun bayanai za su yi ta nishi kafin su haɗa shi, ita kan miƙa shi kafin ka ɗaga yatsa daga kan waya. Amma sauri ba shi da wuyar samu a zamanin nan, kowace ƙaramar filogin (ƙarin manhaja) ta WordPress, manhajar gina shafuka, tana iya ajiye kwafin shafi ta miƙa wa mai ziyara. Inda ake gane gwani shi ne ranar da farashi ya sauya, kana so tsohon shafi ya ɓace daga idon kowa a lokaci guda: wanda ya shiga asusunsa, da baƙon da ya faɗo daga Facebook, da 'yar sarin da ta bar kaya a kwando tun jiya. A kan wannan nake auna ta, kuma a kan wannan na ba ta maki mai kyau, duk da ina da ƙorafe-ƙorafe.

Ni mai kula da shafukan intanet ne a Kano. Babban aikin da ke hannuna shagon wani Alhaji ne mai sayar da atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari, wanda ya buɗe reshe a intanet bisa WooCommerce, filogin da ke mayar da WordPress shago. Farashinsa iri biyu ne, na ɗaiɗai da na sari, kuma 'yan sari sai sun shiga asusunsu suke ganin nasu. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashin kayan da ake shigowa da su ya daina zama wuri ɗaya. Wani lokaci da safe kuɗi kaza, kafin la'asar an ƙara. A da shafin yana kan sabar wani kamfanin haya, mai ma'ajiyar wucin gadi tasa ta kansa, wato kash, wadda ba ka da iko da ita sai maɓalli ɗaya na goge komai. Ka danna shi, saba ta durƙusa don kowane shafi sai an sake gina shi. Ka ƙi dannawa, wata Hajiya daga Maraɗi ta turo hoton allon wayarta da farashin shekaranjiya, ta ce a kan shi za ta biya. Alhaji ya kira ni ranar, ya ce, "Injiniya, wannan na'ura taka ni take wa ciniki ko su?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, gidan hayar ne ba namu ba, sai mun tashi." Muka tashi zuwa sabar da muke da cikakken iko a kanta, na sa Varnish a gaba.

Manhajar ba sabuwa ba ce. Poul-Henning Kamp, ɗan ƙasar Denmark da aka sani da aikin babbar manhajar kwamfuta ta FreeBSD, shi ya rubuta ta, kuma jaridar Verdens Gang ta Norway ce ta fara neman a yi ta saboda shafinta na labarai. Fitowar farko a 2006 ne. Kyauta ce, ƙarƙashin lasisin BSD, kuma ana sakin sabon zubi sau biyu a shekara, Maris da Satumba. Sanin cewa don jarida aka ƙera ta yana taimakawa wajen gane halinta: an gina ta ne don shafi ɗaya da dubban mutane ke karantawa iri ɗaya. Shago kuwa ba haka yake ba, kowa da kwandonsa.

Shi ya sa ranar farko za ta ba ka haushi. Ka girka, ka buɗe varnishstat, allon ƙididdigarta, kana jiran ganin lambobi suna tashi, sai ka ga kusan babu abin da take ajiyewa. Dalili kuwa, a tsarinta na asali, duk buƙatar da ta zo ɗauke da kuki (ɗan bayanin da shafi ke ajiyewa a burauzar mai ziyara don ya gane shi) ko da shaidar shiga, ba ta taɓa ta, wucewa take da ita kai tsaye zuwa saba ta baya, wadda ke gina shafin. Duk amsar da ta dawo da Set-Cookie, wato umarnin liƙa kuki, ita ma ba ta ajiye ta. To wane mai ziyara ne yau ba ya ɗauke da kuki? Google Analytics kaɗai ya liƙa wa kowa _ga. Sai ka zauna ka rubuta mata dokoki da harshenta, VCL, kana ce mata wannan kukin na ƙididdiga ne, cire shi. Wannan wordpress_logged_in ne, kula da shi. Wannan woocommerce_items_in_cart ne, mai shi yana da kaya a kwando. Haka nan wutsiyoyin da ake maƙala wa adireshi, irin fbclid da Facebook ke ƙarawa da dangin utm, sai ka yanke su, in ba haka ba kowane mutum da ya danno daga talla za a ɗauke shi a matsayin mai neman sabon shafi.

Da farko na ɗauki wannan a matsayin taurin kai. Yanzu ina ganin shi ne mafi kyawun halinta. Manhajar da ke ajiye komai tun daga farko ita ce ke nuna wa wani adireshin gidan wani. Ba tatsuniya ba ce: ranar Kirsimeti ta 2015, yayin da ake kai wa kantin wasannin Steam hari, an sauya dokokin kash cikin gaggawa, sai mutane suka riƙa buɗe shafin asusu suna ganin bayanan wasu. Kamfanin Valve, mai Steam, da kansa ya ce abin ya shafi kimanin mutum 34,000. Varnish ta gwammace ta zama marar amfani a ranar farko da ta jefa ka cikin irin wannan. Kai ne za ka buɗe mata ƙofa ɗaya bayan ɗaya, kana sane da abin da ka buɗe.

Yanzu ga inda ainihin maganar take. Shafin atamfa guda ɗaya a shagon Alhaji yana da fuska fiye da ɗaya: wadda baƙo ke gani da wadda ɗan sari ke gani. Hanya mafi saurin zuwa a zuciya ita ce ka cusa kukin zaman mutum cikin vcl_hash, wato cikin lissafin da Varnish ke yi don ba kowane kwafi lambarsa. Za ka tarar da wannan shawara birjik a intanet. Tana aiki, kowa ya samu kwafinsa, babu mai ganin na wani. Amma ranar gogewa za ka gane kurenta. Umarnin gogewa na purge yana lissafa lamba ne daga buƙatar da aka aiko da shi, ya goge abin da ke ƙarƙashin wannan lambar kaɗai. Idan kowane zama yana da tasa lambar, ka goge guda ɗaya, sauran kwafin da ke ajiye don sauran mutane suna nan daram da tsohon farashi har wa'adinsu ya cika. Kai kana duba wayarka kana ganin sabon farashi kana cewa an gama, Hajiyar Maraɗi tana can tana ganin tsoho. Ga kuma asarar wuri, don kwafin da mutum ɗaya kaɗai zai buɗe bai rage wa saba komai ba.

Abin da ya zauna mini shi ne raba mutane rukuni-rukuni maimakon ɗaya-ɗaya. A vcl_recv, sashen VCL da ke tarbar kowace buƙata, ina duba kuki in fitar da kalma guda, baƙo ko sari, in sa ta a wani layin kai na buƙatar, wato ɗan bayanin da ke tafiya a samanta, saba ta baya kuma ta amsa da Vary a kan wannan layin, wato ta ce a ajiye kwafi daban ga kowace kalma. Bambancin ƙarami ne a rubuce amma babba ne a aiki: kwafin da Vary ya raba duk suna zaune ƙarƙashin lamba ɗaya, don haka purge guda yana kwashe su gaba ɗaya. Fuska biyu ke nan ga kowane shafi, ba dubu ba. Abin da ya keɓanta ga mutum shi kaɗai, sunansa a saman shafi da adadin kayan kwandonsa, ba ya shiga kwafin sam. Burauza ce ke nemo shi daga baya da wata 'yar ƙaramar buƙata da ba a ajiyewa. Varnish tana da wata hanyar, ESI, inda take ɗinka gutsattsarin shafi da kanta, kowane gutsure da nasa wa'adin. Na gwada, tana aiki, amma a WooCommerce sai ka taɓa jigon shafin sosai, ban ga ribar wahalar ba. Shafin kwando da na biyan kuɗi da na asusu kuwa ba a ma maganar ajiye su. Kuma ko wani ya ƙirƙiri kukin sari na ƙarya ya leƙa farashin, a wurin biya saba ta baya ce ke sake lissafi daga asusunsa na gaskiya.

Hanyoyin gogewa uku ne na yi aiki da su, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Purge shi ne mai sauƙi: adireshi ɗaya, gogewa nan take. Matsalarsa ita ce atamfa ɗaya ba a shafi ɗaya take zaune ba. Tana shafinta, tana shafin rukunin atamfofi, wataƙila a shafi na uku na jerin, tana shafin farko cikin sababbin kaya, tana ƙasan shafin wani leshi a matsayin abin da zai dace da shi. Wa zai iya riƙe duk waɗannan adiresoshi a ka?

Ban ya fi faɗi. Kana ba shi sharaɗi, misali duk abin da adireshinsa ya fara da kaza, sai ya shiga jerin haramci. Ba ya goge komai a lokacin. Sai an nemi wani kwafi da ya girmi haramcin, a gwada shi da sharaɗin, in ya faɗa ciki a jefar. Akwai wani ma'aikaci a bayan fage, ban lurker, mai zagayawa yana share waɗanda suka faɗa don jerin ya ragu. Sai dai ba ya iya aiki da sharaɗin da ya dogara da buƙatar mai ziyara, irin req.url, domin shi babu mai ziyara a gabansa. Dole ka kwafe adireshin ka liƙa a jikin abin da aka ajiye tun a vcl_backend_response, sashen da ke karɓar amsar saba ta baya, ka rubuta haramcinka da obj, wato a kan abin da aka ajiye. In ba ka yi haka ba, a shagon da ake sauya farashin kaya da yawa a yini, jerin zai yi ta tsawo, kowace buƙata sai an bi ta da shi. Littafin jagorar ya faɗi wannan, amma a gurguje, kamar abin da kowa ya riga ya sani. Magento 2, wani tsarin gina shago, da wannan hanyar yake aiki, yana liƙa wa shafuka X-Magento-Tags yana haramta su da ban, don haka ba hanyar banza ba ce.

Wanda ya saye zuciyata shi ne xkey. Yayin da saba ta baya ke gina shafi, tana rubuta lambobin duk kayan da suka bayyana a cikinsa a layin kai guda. Varnish ta riƙe wannan. Ranar da yaron shago ya sauya farashin atamfa mai lamba kaza ya danna ajiye, saƙo ɗaya ke tafiya: duk shafin da ke ɗauke da wannan lamba, a cire shi. Ko shafin baƙo ne ko na sari, ko a rukuni yake ko a shafin farko, duk su tafi tare, sauran dubban shafukan da ba ruwansu su zauna lafiya. Kamar tambarin da ake buga wa dila ne a sito, ba sai ka san ɗakin da aka kai kowace ba, ka kira tambarin kawai a fito da su. Na tsaya a bayan yaron wata ranar Alhamis ana saura 'yan kwanaki ƙaramar salla, waya biyu a hannuna, ɗaya a asusun sari ɗaya a matsayin baƙo, varnishlog, mai nuna abin da ke wucewa ta Varnish, yana gudu a kwamfuta. Ya sauya lamba, ya danna. Na ja allon wayoyin biyu ƙasa, duka suka kawo sabon farashi, layin Age, mai nuna tsufan kwafi, ya koma sifili a kan waɗannan shafukan kaɗai. Shafin shadda da ke gefe yana nan da tsufansa, bai san an yi komai ba.

Akwai ɗan'uwansa softpurge, wanda ba ya jefar da kwafin, wa'adinsa kawai yake ƙarewa, sai a ci gaba da miƙa tsohon na ɗan lokaci yayin da ake ɗauko sabo a bayan fage. Ga shafin labarai wannan alheri ne. Ga farashi ban yarda da shi ba, don mutum na farko da ya zo bayan sauyin tsohon zai gani, kuma mutum ɗaya ya isa ya ɗauki hoto. Ina amfani da shi ne idan bayanin kaya ko hoto aka gyara. Fargabar cewa saba za ta cika bayan gogewa ba ta da yawa, tunda idan mutane da dama suka nemi shafi ɗaya da babu shi a ajiye, Varnish tana tura buƙata guda ce baya, sauran su jira amsarta.

To, ƙorafi. Xkey ba ya cikin ainihin manhajar, yana cikin wani ƙunshi daban mai suna varnish-modules, kuma dole zubinsa ya dace da zubin Varnish ɗinka. Duk sabuntawa sai ka duba wannan tukuna. A ganina abin da ya fi kowane amfani bai kamata ya zauna a zaure ba. WordPress kuma ba ya fitar da waɗannan lambobi da kansa yadda Drupal, wani tsarin gina shafuka, ke yi tun zubi na 8 a 2015. Sai da na rubuta 'yar filogin tawa mai tattara lambobin kaya yayin gina shafi. Ba doguwa ba ce, amma wanda bai iya PHP ba a nan zai tsaya.

Na biyu, zubin kyauta da na yi aiki da shi ba ya karɓar HTTPS, wato rufaffen saƙo, da kansa. Sai ka sa wani a gabanta, Hitch ko Nginx ko HAProxy, ya buɗe saƙon ya miƙo mata. A nan akwai rami da ya kamata a rubuta da jan alƙalami. Kusan kowane misali na purge yana cewa a yarda da umarnin idan daga 127.0.0.1 ya fito, wato daga cikin sabar kanta. Amma idan Nginx ne a gaba a kan saba ɗaya, to a idon Varnish kowane mutum a duniya daga 127.0.0.1 yake zuwa. Ma'ana duk wanda ya ga dama zai iya aiko da umarnin gogewa daga ɗakinsa ya wofintar maka da kash. Magani shi ne a yi amfani da tsarin PROXY don ainihin adireshin mai ziyara ya iso, ko a toshe wannan umarni tun a ƙofar farko, ko a buɗe wa gogewa tata ƙofar daban. Ni na haɗa biyu daga ciki.

Na uku ƙanana ne amma suna cizo. Ƙunshin Debian da Ubuntu yana zuwa da megabait 256 kacal na ajiya kuma yana sauraro a ƙofa ta 6081, sai ka gyara da hannu. Wa'adin asali daƙiƙa 120 ne, wato minti biyu, wanda ba shi da ma'ana idan kana da gogewa mai aiki. Ni na kai shafukan kaya kwana guda. Idan ka sake tayar da manhajar, duk abin da ta tara ya tafi, don a ram yake, saboda haka a koyi loda sabon VCL ba tare da kashe ta ba. Idan kuma sabobinka biyu ne, kowace sai an aika mata nata saƙon gogewa, zubin kyauta ba ya yaɗa shi da kansa. Harshen VCL shi kansa ba shi da wuya ga wanda ya taɓa ganin C, kuma zuwa C ɗin ake juya shi kafin ya yi aiki, amma misalan da ke yawo a intanet rabinsu na kafin zubi na 4 ne da ya fito a 2014, lokacin da aka sauya sunaye da yawa. Ka ga vcl_fetch a misali, ka san tsoho ne, wuce.

Akwai kuma iyakar da ba laifinta ba ne. Abin da ya riga ya sauka a wayar mutum ya fi ƙarfin Varnish. Idan ka ce wa burauza ta riƙe shafi na awa guda, babu umarnin da zai shiga wayar ya ciro shi. Don haka a Cache-Control nake raba magana biyu: s-maxage mai tsawo don Varnish, max-age sifili don burauza. Hotuna da fayilolin ado su ne nake bari su daɗe a waya, tunda mutanenmu data suke saya da tsada, in an sauya su sai a sauya musu suna. Fita daga asusu ma sai an kula: shafukan asusu suna fita da no-store, don kada yaro ya karɓi wayar yayarsa ya danna baya ya ga odarta.

Wa zan ce ya ɗauka? Wanda yake da sabar kansa, yana iya zama da baƙin allo ba tare da gabansa ya faɗi ba, kuma shafinsa na da baƙi masu yawa da abin da ke sauyawa a kai a kai: shago, jarida, shafin makaranta a makon fitar sakamako, muddin sakamakon kowane ɗalibi ba ya shiga kash. Kuɗin manhajar sifili ne, amma hayar saba mai isasshen ram galibi da dala ake biya, a sa wannan a lissafi kafin a yi wa mai shago alkawari.

Wanda kuwa yake kan hayar haɗaka, inda ɗaruruwan shafuka ke raba saba ɗaya, ba zai ma samu damar girka ta ba. Idan gidan hayarsa manhajar saba ta LiteSpeed yake amfani da ita, filogin ɗin LiteSpeed Cache na WordPress yana da gogewa ta lamba da kash na keɓe ga wanda ya shiga asusu da ESI, duk ta hanyar danna maɓalli, kuma ya san WooCommerce tun daga gida. Ikon da zai samu bai kai na VCL ba, amma ga shago mai kaya ɗari biyu da farashi iri ɗaya ga kowa, ya wadatar. Abokan aikina biyu da suka tambaye ni a bana, can na tura su.